A Buɗe Cikin Na'ura, A Rufe Asirin Mai Ita

Gabatarwa

A ɗakin gwaje-gwajen da nake koyar da ɗaliban ajin farko na ilmin halittu akwai madubin likita guda biyu da suka daɗe suna ba ni abin tunani. Na farko tsoho ne, ya girme ni, baƙin fentinsa duk ya goge a inda hannuwan ɗalibai suke kamawa. Yakan sami matsala lokaci-lokaci, amma da zarar ya cije sai ma'aikacin ɗakin ya ɗauko sukundireba, ya kwance shi, ya goge, ya shafa masa mai, ya mayar, kafin azahar ya koma bakin aiki. Na biyun sabo ne, mai allo irin na talabijin, an sayo shi da kuɗi masu yawa. Bai cika shekara biyu ba ya ɗauke wuta. Da muka nemi takardar da ke nuna tsarin cikinsa sai aka ce mana sirrin kamfani ne, sai dai mu jira injiniyansu, ko kuma mu mayar da shi ƙasar da aka ƙera shi. Yau shekara uku ke nan yana lulluɓe da leda a bisa kanta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ranar da aka kafa shi sai da manhajarsa ta karɓi sunana da adireshina da lambar wayata kafin ta yarda ta buɗe. Watau na'urar ta san ni ciki da bai, ni kuwa an hana ni sanin cikinta.

Wannan al'amari bai tsaya a ɗakin gwajinmu ba. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta san inda ya kwana, da wanda ya kira, da abin da ya nema a intanet da tsakar dare, amma shi bai san abin da take aikawa ba, bai kuma san wanda take aika wa ba. A ra'ayina an juya lamarin ne a baibai. Na'ura ce ya kamata a buɗe cikinta kowa ya gani, mutum kuwa a rufa masa asiri. Waɗanda suka fi kowa daɗewa suna tafka muhawara a kan wannan batu su ne masu ƙere-ƙere don sha'awa, watau mutanen da ke haɗa rediyo da kwamfuta da ƙananan injuna a ɗakunansu bayan sun tashi daga aiki ko makaranta, ba don wani ya biya su ba. A wannan maƙala zan riƙa kiransu 'yan sha'awa. Ina ganin akwai abin da ɗalibin kimiyya da malaminsa za su ƙaru da shi daga gardamarsu, musamman idan aka dube ta da idon mai nazarin halittu.

Darasi Daga Mai Sayar Da Yadi

Ilmin ƙananan halittun da ido ba ya gani, ɗan sha'awa ne ya buɗe ƙofarsa. Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya rayu daga 1632 zuwa 1723 a garin Delft na ƙasar Holan, mai sayar da yadi ne, bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Da hannunsa yake yin 'yan ƙananan ƙwayoyin gilashi, ya matse su tsakanin fallen ƙarfe biyu, ya leƙa ɗigon ruwa. A shekarar 1676 ya rubuta wa Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan wasiƙa yana bayyana wasu halittu masu motsi da ya gani a ruwan da ya jiƙa masoro, waɗanda a yau muka san cewa bakteriya ce. Ɗaya daga cikin madubansa da suka rage, wanda ke ajiye a birnin Utrecht, yana ƙara girman abu fiye da sau 260.

Sai dai mutumin ya kasance mai rowar sana'a. Ya bayyana abin da ya gani dalla-dalla a ɗaruruwan wasiƙu, amma yadda yake yin gilasansa mafiya ƙarfi ya ƙi gaya wa kowa, bai kuma horar da almajiri ba. Da ya rasu sai aka ɗauki fiye da shekara ɗari, har wajejen 1830, kafin madubin likita na gama-gari ya kai ga nuna abin da shi yake gani. A 2021 masu bincike a Holan suka haska madubin nan na Utrecht da hasken niyutiron ba tare da sun kwance shi ba, suka gano cewa ƙwayar gilashinsa ɗan dunƙule ne da aka narka da wuta a bakin siririn zaren gilashi, dabarar da Robert Hooke na Ingila ya riga ya buga a littafi tun 1678. Ashe sirrin da ya riƙe har kabari, tushensa ilmi ne da wani ya bayar kyauta. Mu ma a nan gida mun san irin wannan asara, domin kusan kowane gari yana da labarin mai maganin gargajiya ko maɗori da ya tafi da laƙaninsa bai bar wa kowa ba.

Yadda Gardamar Ta Faro

A watan Maris na 1975 wasu 'yan sha'awa suka fara taruwa a wani garejin mota a Menlo Park, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, suka kira ƙungiyarsu Homebrew Computer Club. Al'adarsu ita ce kowa ya zo da abin da ya haɗa, ya nuna, ya raba zanensa. A nan ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama Apple ta farko, ya kuma raba zanenta ga duk mai so. A Fabrairun 1976 wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Bill Gates ya rubuta wa 'yan sha'awa buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa suna kwafar manhajar da kamfaninsa ya wahala ya rubuta ba tare da sun biya ba, kuma babu mai ci gaba da aiki in babu lada. Kuka ne mai ma'ana, har yau ba a gama share shi ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Richard Stallman na cibiyar fasaha ta MIT. Wata na'urar buga takardu ce a wurin aikinsu ta riƙa cijewa, ya nemi rubutun asali na manhajarta domin ya gyara, aka hana shi. A 1983 ya ƙaddamar da shirin GNU a kan aƙidar cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aiki da ita, ya nazarce ta, ya sauya ta, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya saki Linux, wadda a yau ita ce ginshiƙin manhajar Android da ke cikin mafi yawan wayoyin da muke riƙewa.

Manhaja rubutu ce, kwafarta ba ta cin ko kwabo. Na'ura kuwa ƙarfe ce da roba da waya, dole a saya. Saboda haka idan aka ce buɗaɗɗiyar na'ura ba ana nufin kyauta ake raba ta ba. Ana nufin maƙerinta ya buga zanenta, da jerin kayan da ke cikinta, da manhajar da ke tafiyar da ita, ya kuma ba da izni a rubuce cewa kowa yana iya ƙera irinta, ya gyara, ya inganta, har ya sayar. A 2005 aka sami misalai biyu da suka yi fice. A garin Ivrea na Italiya aka fito da Arduino, wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, wanda ɗalibi zai iya umurta ya auna zafi ko ya kunna famfo. A Jami'ar Bath ta Ingila kuma Adrian Bowyer ya faro RepRap, injin da ke narka roba yana zuba ta layi bisa layi har ta zama abu mai jiki, yana ma iya buga wasu sassan jikinsa. Ganin wannan kama da haihuwa ne ya sa aka raɗa wa samfuransa na farko sunayen Darwin da Mendel.

Gardama ta sake tashi da kuɗi suka shigo. Kamfanin MakerBot, wanda aka kafa a 2009 a kan ilmin RepRap, ya rufe zanen sabon injinsa a 2012, bayan shekara guda kuma wani babban kamfani ya saye shi. Wasu 'yan sha'awa suka ce cin amana ne, an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Wasu suka ce masu kwaikwayo ne suka tilasta masa, domin suna ɗaukar zanen su ƙera da araha ba tare da sun ƙara komai ba. Haka kuma ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, da ta fito a 2012 a kan dala 35, ta raba kan jama'a: tana da araha, an yi mata bayani mai yawa, amma babbar ƙwaƙwalwar da ke tsakiyarta a rufe take. A Oktoban 2025 kamfanin Qualcomm ya ba da sanarwar sayen Arduino, sai tsohuwar tambayar ta dawo sabuwa: shin abin da jama'a suka gina tare zai ci gaba da zama a buɗe bayan ya shiga hannun mai jari?

Amfaninta Ga Ɗakunan Gwajinmu

Mai karatu zai iya cewa wannan gardamar masu ƙoshi ce. Ni kuwa ina ganin mu ta fi shafa. A 2011 masu bincike biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Lora Perry da Robert Malkin, suka duba bayanan kayan asibiti fiye da 100,000 a ƙasashe masu tasowa 16, suka tarar kimanin kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Manyan dalilan su ne rashin horo, da rashin tsarin kula da kayan, da ƙarancin abubuwan da ake bukata don tafiyar da su. Duk malamin kimiyyar da ya taɓa buɗe sito a makarantarsa ya san irin wannan maƙabarta ta na'urori. Sayen na'urar da ba a ba ka zanenta ba cinikin biri ne a sama.

Akwai wata hanyar. Madubin likita na OpenFlexure, wanda Richard Bowman da abokan aikinsa suka faro a Ingila, da roba ake buga jikinsa, kuma zanensa yana nan kyauta ga kowa. An haɓaka shi ne tare da injiniyoyi da masana kiwon lafiya na Tanzaniya, ciki har da Cibiyar Lafiya ta Ifakara, da nufin duba jini don gano zazzaɓin cizon sauro. Idan wani sashe ya karye a Darussalam, a Darussalam ake buga madadinsa. Haka nan a 2014 Manu Prakash da Jim Cybulski na Jami'ar Stanford suka bayyana Foldscope, madubin da ake naɗewa daga takarda mai kauri da ƙwayar gilashi guda, wanda kuɗin kayan haɗa shi bai kai dala ɗaya ba. Wanda aka fi rabawa yana ƙara girma sau 140, ya isa ɗalibi ya ga ƙwayoyin fatar albasa da halittun ruwan kududdufi. Asalin dabararsa ta Leeuwenhoek ce, sai dai wannan karon an buga bayanin.

Hannayen da za su yi aikin kuwa muna da su. Wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga samari suna ɗaga ƙwaƙwalwar waya mai ƙafafu kamar gashi, su mayar da ita daidai, da yawansu ba su taɓa ganin zanen wayar daga kamfani ba. Da za a ba irin waɗannan samari zanen na'urorin asibiti da na makaranta, da maƙabartar nan ta ragu ƙwarai.

Inda Buɗewa Take Zama Ɓarna

Yanzu sai mu juya ga mutum, kuma a nan ne ilmin halittu yake da abin cewa. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga ƙarin ciwon dajin wata baƙar Ba'amurkiya mai suna Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins, ba tare da an nemi izninta ba. Ta rasu a wannan shekara tana da shekara 31, amma ƙwayoyin, waɗanda aka kira HeLa, suna nan suna hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, da su aka gwada rigakafin shan-inna. A 2013 wasu masu bincike a Jamus suka buga cikakken jerin sinadarin gadonta na DNA a fili, da kyakkyawar niyyar raba ilmi. Iyalinta suka koka, domin abin da aka buga yana ɗauke da labarin jikin 'ya'yanta da jikokinta da ke raye. Sai da aka janye bayanan, aka kuma ƙulla yarjejeniya da iyalin a watan Agusta na shekarar.

Dalilin kukan nasu darasi ne na aji huɗu. Ɗa yana ɗaukar rabin sinadarin gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Shaƙiƙai suna tarayya a kimanin rabi, 'ya'yan wa da ƙani kuwa a kimanin kashi ɗaya cikin takwas. A al'umma irin tamu, inda auren zumunci ya yawaita, tarayyar ta fi haka. Saboda haka wanda ya saki bayanan gadonsa ya saki wani yanki na asirin danginsa, alhali bai shawarce su ba.

'Yan sha'awa sun ɗanɗana wannan da kansu. A 2010 wasu masu sha'awar binciken asalin dangi a Amurka suka kafa rumbun GEDmatch, inda mutum zai ɗora sakamakon gwajin gadonsa ya nemo 'yan'uwansa. A 2018 'yan sandan Kalifoniya suka ɗora DNA da aka samu a wurin wani tsohon laifi, suka sami dangi na nesa, suka bi salsala har suka kama Joseph DeAngelo, wanda daga baya ya amsa laifin kisan mutum 13. Babu mai baƙin cikin kama shi. Amma a wannan shekarar Yaniv Erlich da abokan aikinsa suka nuna cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na Amurkawa masu asalin Turai ana iya gano danginsu ta wannan hanya, ko da su kansu ba su taɓa yin gwajin ba. Hanyar da ta kai ga mai kisa tana iya kaiwa ga wanda ya gudu daga azzalumi.

A Oktoban 2023 aka gano cewa masu kutse sun shiga asusu kimanin 14,000 na kamfanin gwajin gado na 23andMe, ta amfani da kalmomin sirri da masu asusun suka maimaita a wasu wurare. Ta hanyar tsarin nemo dangi sai suka kai ga bayanan mutum miliyan 6.9. A Maris na 2025 kamfanin ya shiga kotun fatara, bayanan gadon abokan cinikinsa suka shiga jerin kadarorin da ake ciniki. A watan Afrilu na wannan shekarar masu rumbun openSNP, wanda wasu matasa 'yan rajin buɗaɗɗen ilmi suka kafa a Jamus a 2011, suka rufe shi, suka goge bayanan da jama'a suka ɗora da son ransu, saboda tsoron yadda za a yi amfani da su. Mutum yana iya sauya kalmar sirri cikin minti guda, amma sinadarin gadonsa da shi zai mutu, ya kuma bar wa zuriyarsa.

Kada kuma a ruɗu da cewa an goge suna. Latanya Sweeney ta nuna a 2000 cewa lambar unguwa ta gidan waya, da ranar haihuwa, da jinsi, sun isa su ware kimanin kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya.

Ga Mai Cewa Ba Shi Da Abin Ɓoyewa

Na sha jin ɗalibaina suna cewa wanda bai yi laifi ba me zai ɓoye. Amsata ita ce Bahaushe ya gina gidansa da zaure a gaba, inda baƙo zai zauna, tela ya yi ɗinki, a yi fira, sa'annan ya ce cikin gida ba shiga. Ba don ana aikata laifi a ciki ba ne. Mutunci ne ake tsarewa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Misali ma bai yi nisa ba. A shekarun baya an ga yadda wasu manhajojin ba da rance a Nijeriya suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai karɓar bashi, idan ya makara sai su aika wa surukansa da maigidansa saƙon tozartawa. Abin ya kai har kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan waya a 2023. Surukin da aka aika wa saƙon bai ci bashi ba, bai kuma danna amincewa ba. Haka nan sakamakon gwajin amosanin jini: idan takardar yarinya ta nuna AS, to ta nuna cewa aƙalla ɗaya daga iyayenta yana ɗauke da S. Ilmi ne mai amfani ƙwarai gare ta da wanda zai aure ta, amma ba na dandali ba ne. Nijar ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2017, Nijeriya ta yi tata a Yunin 2023. Doka dai tana hukunta mai laifi ne bayan asiri ya riga ya fita.

Kwaɗo Da Mabuɗi

To, ta yaya mutum guda zai nemi a buɗe, ya kuma nemi a rufe? Babu cin karo a ciki. Tun a 1883 Auguste Kerckhoffs, wani masani haifaffen Holan, ya kafa ƙa'idar cewa tsarin ɓoye saƙo nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda yake aiki ba zai iya buɗe shi ba, muddin bai sami mabuɗin ba. Kowane maƙeri ya san yadda cikin kwaɗo yake, amma hakan bai buɗe shagon kowa ba. A 1991 Phil Zimmermann ya rubuta manhajar PGP ta kulle saƙo, ya sake ta kyauta tare da rubutunta na asali. Gwamnatin Amurka ta yi shekara uku tana bincikensa kafin ta janye a 1996 ba tare da ta gurfanar da shi ba. Da Edward Snowden ya fallasa a 2013 irin tattara bayanan jama'a da hukumomin leƙen asiri ke yi, sai mutane da yawa suka fahimci dalilin da ya sa 'yan sha'awa suke nacewa a kan na'urar da za a iya bincikar cikinta. Idan a rufe take, sai dai ka yarda da maganar mai ita.

Ƙwayar halitta ta riga mu sanin wannan. Tantanin da ke kewaye da ita ba bango ba ne, yana barin iska da ruwa da abinci su shiga, yana tare wasu abubuwan. In ya toshe gaba ɗaya ƙwayar ta mutu da yunwa, in ya yage ta tsiyaye. A jikinmu kuma DNA yana zaune a cibiyar ƙwayar, kwafin yankin da ake bukata kaɗai ake fitarwa zuwa wurin aiki.

Gaskiyar Da Ke Wajen Masu Suka

Adalci ne a faɗi cewa buɗewa kaɗai ba ta isa ba. A 2014 aka gano wata ɓaraka da aka kira Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet suke dogara da ita don kulle saƙo. Rubutunta a buɗe yake, amma kuskuren ya yi shekara biyu ba a lura ba, domin mutane ƙalilan ne suke kula da ita, mafi yawansu ba da albashi ba. A Maris na 2024 kuma wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa a kwamfutarsa, ya bi diddigi, ya tarar da ƙofar baya da wani ya dasa da gangan a wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna xz. Mai suka zai ce ga shi buɗewar ce ta ba mugu dama. Gaskiya ne, amma ita ce kuma ta ba Freund damar ganowa kafin abin ya bazu. Darasin shi ne buɗaɗɗen abu yana bukatar idanu masu ilmi, da kuɗin ciyar da masu idanun. Kukan Bill Gates na 1976 yana nan da sauran ƙarfinsa ta wannan fuska. Haka kuma injin buga roba yana son wutar lantarki mai ɗorewa, wadda yawancin makarantunmu ba su da ita, kuma madubin da ɗalibai suka haɗa ba zai shiga asibiti ba sai hukuma ta tantance shi. Duk da haka, na'urar da muka iya gyarawa ko da tana da rauni ta fi mana wadda ke lulluɓe da leda.

Kammalawa

Ga ɗalibai, shawarata ita ce ku zama masu kwance abu. Tsohuwar rediyo, ko fitilar caji da ta mutu, ko fankar da aka jefar, ku kai su ƙungiyar JETS ta makarantarku, ku buɗe a gaban malami, ku zana abin da kuka gani, ku bar zanen ga 'yan bayanku. Ku kiyayi kayan da ke haɗe da wutar gida da batirin waya, domin suna da haɗari. A ɗaya hannun kuma, kada ku maimaita kalmar sirri guda a wurare biyu. Idan manhajar tocila ta nemi shiga lambobin wayarku, ku tambayi kanku me haske zai yi da lambar kawunku. In kun yi rajistar jarrabawa a shagon intanet ku fita daga asusunku kafin ku tashi, kada kuma ku bar kwafin katin ɗan ƙasa a can. Kafin ku miƙa waya ga mai gyara, ku cire layi da katin ajiya.

Ga malamai 'yan'uwana, idan kun yi gwajin rukunin jini a aji, ku miƙa wa kowane ɗalibi sakamakonsa a hannu, kada a rubuta a allo da sunaye, domin sakamakon ya shafi iyayen da ba sa cikin ajin. Hoton ɗalibi da makinsa da takardar asibitinsa amana ce, bai kamata su yi yawo a zaurukan WhatsApp ba. Ga shugabannin makarantu da kwamitocin sayen kaya kuwa, kafin a sa hannu a kan kowace na'ura a yi wa mai sayarwa tambaya uku: ina takardar gyaranta, a ina za a sami kayan gyaranta a ƙasar nan, kuma wane bayani take aikawa waje game da masu amfani da ita? In ya kasa amsawa a nemi wani. Da mun yi waɗannan tambayoyi shekara biyar da suka wuce, da ɗalibaina sittin ba sa layi a bayan tsohon madubi guda.